Hular Kwano da Tawakkali: Wa Ya Fi Annabi Dogaro ga Allah?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya halicci ɗan Adam Ya kyautata surarsa, Ya ɗora masa kai a bisa wuya, Ya sanya ji da gani da hankali a cikinsa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin samarinmu masu son hawa, ko hawan doki ne, ko babur, ko keke, ko takalmin nan mai taya da yara ke kama bayan adaidaita sahu da shi a kan kwalta. Da zarar ka ce wa ɗayansu, "Malam, ina hular kwanonka?" sai ya dube ka kamar ka zage shi, ya ce, "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. In kwana ya ƙare, ko hula goma ka sa sai ka tafi." Wani ma har ya ƙara da cewa masu sa hular nan raunin imani ne ke damunsu. Abokansa su yi dariya, a watse, shi kuwa yana jin ya kare aƙida.

Wannan magana ce nake son mu zauna mu warware ta a yau, domin gaskiya ce da aka ɗauko aka ajiye a muhallin da ba nata ba. Da'awata a fili take: saurayin da ya hau doki ya sake masa linzami, ko ya ɗaga ƙafar babur ta gaba a tsakiyar titi da kansa a buɗe, ba tawakkali yake yi ba, sakaci yake yi da amanar da Allah Ya ba shi. Idan kuma ya jingina sakacin nasa ga addini, to ya haɗa laifi biyu, domin ya yi ganganci, sannan ya yi wa addini ƙage.

Abin da ke cikin ƙoƙon kai

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kansa. Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba a nauyi, kuma taushinta ya yi kusa da na awarar da ba a soya ba. Allah Ya ajiye ta cikin ruwa, Ya lulluɓe ta da tantani, Ya kewaye ta da ƙashi. Wannan gini ya ishe ta ga tafiya da gudu da tuntuɓen yau da kullum. Amma mahayin da ke zaune a kan sirdi, kansa na sama da ƙasa da kimanin mita biyu da rabi. Duk abin da ya faɗo daga wannan tsawo yakan isa ƙasa da saurin kusan kilomita 25 a awa, ko da dokin a tsaye yake cik. To ina ga dokin sukuwa, wanda gudunsa kan haura kilomita 50 a awa? Ina ga babur?

Idan kai ya bugi kwalta, ƙashin ne ke fara tsayawa, ita kuwa ƙwaƙwalwar sai ta ci gaba da tafiya har ta daki bangon ƙoƙon daga ciki. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin siriri ne ƙwarai, kuma akwai jijiyar jini kwance a ƙarƙashinsa. Idan ƙashin ya tsage ya yanke ta, jini zai riƙa taruwa a cikin kai, ba shi da hanyar fita, yana danne ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Abin tsoron shi ne, mutum kan iya miƙewa ya karkaɗe rigarsa, ya yi dariya, ya ce lafiyarsa ƙalau, sai bayan 'yan awoyi ciwon kai da amai da barci mai nauyi su taso. Haka ya faru da wata shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo ta Ingila, Natasha Richardson, a watan Maris na 2009. Ta faɗi tana koyon wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a Kanada, a filin 'yan koyo, ba hula a kanta. Ta tashi tana magana, ta ce ba ta bukatar likita. Bayan kwana biyu ta mutu. A wurinmu irin wannan ne ake cewa, "Ai har ya dawo gida ya ci abinci, da dare ne kawai abin ya juya," wani lokaci ma a ɗora wa maita ko sammu.

Ita hular kwano ba laya ba ce, aikinta a fahimce yake. Ɓawonta na waje yana baza ƙarfin bugun a faɗin kai maimakon ya taru a wuri guda, yana kuma hana dutse ko ƙarfe huda ƙashi. A cikinta akwai wani farin soso mai tauri, irin wanda ake tallafe sabuwar talabijin da shi a cikin kwali. Shi ne ke murƙushewa a madadin kanka, ya sa kan ya tsaya a hankali maimakon ya tsaya farat ɗaya. Bambancin lokacin bai kai ƙiftawar ido ba, amma a cikinsa ake rabuwa tsakanin wanda zai koma gida da kumburi da wanda za a kai makwancinsa. Wani nazari da masanan Cochrane suka fitar a 2008, wanda ya tattara bincike masu yawa kan masu babur, ya nuna hular na rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, tana kuma rage raunin kai da kimanin kashi 69 cikin 100. Wani nazarin da masu bincike a Ostireliya suka yi kan masu keke, shi ma ya sami raguwar kimanin kashi 69 cikin 100 a raunin kai mai tsanani.

Kwalkwali a kan Fiyayyen Halitta

To, yanzu mu koma ga mai cewa sa hula raunin imani ne. Ina tambayarsa tambaya ɗaya: wa ya fi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sanin Allah da dogaro gare Shi?

A ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, malaman hadisi sun ruwaito cewa sulke biyu ya haɗa ya sanya, ɗaya a kan ɗaya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa a ranar an ji masa rauni a fuska, an karya masa haƙori, an kuma farfasa kwalkwalin da ke kansa mai albarka. Nana Faɗima ce ta wanke jinin, Sayyidina Ali na zuba ruwa, da jinin ya ƙi tsayawa ta ƙona guntun tabarma ta shafa tokar. Malaman tarihi sun ƙara da cewa zobba biyu na kwalkwalin sun nutse a kumatunsa, har Abu Ubaida ya ciro su da haƙoransa, haƙoran nasa biyu suka fita.

Dakata a nan ka yi tunani, ya ɗan'uwa. Saran da ya farfasa ƙarfe, da babu ƙarfen, a ina zai sauka? Allah ne Ya tsare ManzonSa, babu shakka, amma ta hanyar sababin da Manzon ya riƙa Ya tsare shi. Kuma bai ce tunda kwalkwalin bai hana ni jin rauni ba na daina sa shi. Bayan shekara biyar, ranar buɗe Makka, ranar da ya shiga garin da mayaƙa dubu goma ba mai iya tare shi, Imam Malik da Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa da kwalkwali a kansa ya shiga. A wata ruwayar ta Muslim daga Jabir, an ce baƙin rawani ne a kansa, malamai kuwa sun haɗa ruwayoyin biyu da cewa ya sa duka biyun a wannan rana. Ke nan rawani da kwalkwali ba kishiyoyi ba ne.

Haka rayuwarsa take gaba ɗaya. Ranar Hijira ya ɓuya a kogon Sauru kwana uku, ya ɗauki hayar ɗan jagora masanin hanya, ya bi ta gefen teku maimakon hanyar da kowa ya sani. Ranar Ahzabu ya karɓi shawarar Salmanu mutumin Farisa aka haƙa gwalalo, dabarar da Larabawa ba su san ta ba. Mutumin da ya tambaye shi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, Tirmizi ya ruwaito cewa ya umarce shi ya haɗa biyun, ya ɗaure ta sannan ya dogara.

Alƙur'ani kansa ya lissafa kayan kariya cikin ni'imomi. A Suratun Nahli, aya ta 81, Allah Ya yi mana gori da tufafin da ke kare mu daga zafi da waɗanda ke kare mu a fagen fama. A Suratul Anbiya, aya ta 80, Ya ba da labarin Shi ne Ya koya wa Annabi Dawuda sana'ar ƙera sulke, sannan Ya nemi a gode maSa a kanta. A Suratu Yusuf, Annabi Yaƙubu ya umarci 'ya'yansa su shiga gari ta ƙofofi daban-daban, a numfashi guda kuma ya shaida musu cewa wannan dabara ba za ta tunkuɗe hukuncin Allah ba, kuma ga Allah ya dogara. Dubi yadda Annabin Allah ya haɗa riƙon sababi da sallamawa a magana ɗaya, Allah kuma Ya yabe shi da ilimi. Abin da Allah Ya kira ni'ima, Ya koya wa Annabi ƙera shi, wane ne kai da za ka kira shi tsoro?

Mai cewa ajali ba ya wuce ranarsa ya faɗi gaskiya. Amma ba ka san ranar ba, ni ma ban sani ba, kuma ba a ɗora maka sanin ta ba. Abin da aka ɗora maka shi ne aikinka. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara ya yanke komawa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa masa cewa daga wata ƙaddarar Allah suke gudu zuwa wata ƙaddarar Allah, ya kuma buga masa misali da makiyayin da ke da zaɓi tsakanin gefen kwari mai ciyawa da gefe busasshe: duk inda ya kai raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Kai ma in ka sa hular, da ƙaddara ka sa ta. Kuma mai wannan hujja bai yarda da ita a ko'ina ba sai a kan kansa. Yana kulle babur ɗinsa da sarƙa. Yana sa wa wayarsa gilashin kariya da riga tun a shagon da ya saye ta. Bai taɓa cewa in ranar fashewarta ta zo ko riga goma sai ta fashe ba. Wayar da za a iya sayen wata gobe ta sami kariya, kan da ba shi da na canji a kasuwa an bar shi ga "tawakkali". Wannan son zuciya ne aka yi masa rawani.

Ba mutuwa ce kaɗai ba

Masu hujja da ajali suna magana kamar ƙofa biyu ce kawai, ko ka mutu ko ka tashi garau. Akwai ƙofa ta uku, kuma ta fi ta farko faɗi. Akwai wanda zai rayu da shanyewar ɓarin jiki. Akwai wanda farfaɗiya za ta kama shi har ƙarshen rayuwarsa. Akwai wanda zai manta sunan mahaifiyarsa, ko halinsa ya sauya ya zama mai zafin rai da duka, ko ya koma sai an ba shi abinci a baki an kai shi bayan gida. Ƙashin ƙafa in ya karye, maɗori ko likita zai ɗora shi ya haɗe. Naman ƙwaƙwalwa in ya mutu, ba ya tsirowa yadda yake. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa kuwa ƙalilan ne a ƙasarmu, akasarinsu a asibitocin koyarwa na manyan birane irin su Sakkwato da Kano da Zariya. Yaron da ya faɗo daga doki a filin sukuwar wani ƙauye, kafin a nemi mota, a nemi kuɗin hoton kai, a sami gado, jinin nan bai tsaya jiran kowa ba.

Malaman usulu, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, sun bayyana cewa shari'a ta zo ne don tsare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuri'a da dukiya. Faɗuwa ɗaya da kai a buɗe tana iya taɓa biyar ɗin. Don tsare hankali aka haramta giya, alhali mayenta na 'yan awoyi ne. To yaya wanda ya miƙa hankalinsa ga kwalta, inda gushewar kan zama ta har abada? A cikin kan nan ka zuba izu sittin ko abin da ya sawwaƙa. Da goshin nan kake sujada. Wa ya ba ka izinin yin caca da su don 'yan mata su yi guɗa a wurin biki, ko don a ɗauke ka bidiyo a yaɗa a TikTok?

Kuma in abin ya faru, ba kai kaɗai za ka ɗauki nauyin ba. Abokan da suka yi maka tafi za su zo dubiya sati ɗaya, su yi jaje, su koma harkokinsu. Mahaifiyarka ce za ta sayar da awakinta da ɗan kunnenta. Ita ce za ta riƙa juya ka a kan katifa shekara da shekaru. Kai da aka umarta ka yi mata hidima in ta tsufa, ka mayar da ita mai jinyarka saboda wasan minti biyu. Ban ce wanda ya rasu a irin wannan hali ya kashe kansa ba, wannan hukunci ba nawa ba ne, kuma muna roƙa wa duk Musulmin da ya riga mu gafara. Magana nake da mai rai, wanda hular ke rataye a ƙusa yana kallonta.

"Ni gwani ne, kuma ba nisa zan je ba"

Wannan ita ce shubuha ta biyu. Amsarta ta farko tana cikin Bukhari da Muslim: Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da kansa ya taɓa faɗowa daga kan doki, gefen jikinsa na dama ya kuje, har ya yi salla a zaune. In doki ya kayar da wannan, kai wane ne?

Amsa ta biyu tana wurin gwanayen duniya. A 1991 hukumar tseren keke ta duniya ta so ta tilasta wa ƙwararrun 'yan tsere sa hula, sai suka yi bore a lokacin tseren Faris zuwa Nis a Faransa, suna kukan zafi da nauyi, hukumar ta janye. A watan Yuli na 1995, Fabio Casartelli ɗan Italiya, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1992, ya faɗi a gangaren dutse a tseren Tour de France, kansa ya bugu, ya mutu yana da shekara 24. Ba hula a kansa. Duk da haka ba a sauya doka ba. Sai a watan Maris na 2003, a wannan tsere dai na Faris zuwa Nis inda aka yi boren, Andrei Kivilev ɗan Kazakistan ya faɗi da kai a buɗe, ya mutu washegari. Kafin wata biyu su cika aka wajabta hular. Yau ba mai tseren da ke jayayya a kanta. Shekara 12 suka ɓata da gawarwaki kafin su yarda da abin da aka gaya musu tun farko. Mu sai mun binne nawa?

Mai cewa "ai yanzu zan sauka" kuma, ya ji labarin Raman Lamba, tsohon ɗan wasan kurket na Indiya. A watan Fabrairu na 1998 yana wasa a birnin Daka na Bangaladesh, aka matso da shi ya tsaya dab da mai bugu. An ba da labarin cewa an yi masa tayin hula, ya ce a bar ta, jifa uku kawai suka rage. Ƙwallon ta same shi a gefen kai. Ya fita daga fili da ƙafarsa, bayan kwana uku ya mutu. Da na sani ƙeya ce.

"Kayan Turawa ne, ba al'adarmu ba"

Wannan ta fi ba ni mamaki, domin mai faɗinta bai san tarihin gidansu ba. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambata cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Shekara fiye da 600 ke nan, tun Bature bai san hanyar ƙasar Hausa ba. Har gobe in ka je hawan Salla za ka ga 'yan lifida da kwalkwalinsu, kuma su ne dakarun da ke kewaye da sarki, ba ragwaye ake zaɓa a wannan matsayi ba. Kakanninmu da suka san doki fiye da mu, suka yi yaƙi a kansa, ba su ga rufe kai a matsayin abin kunya ba.

Dubi kuma ƙwallon dawaki, wasan da ya kafu a Katsina tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a kansa har ƙasashen waje. Je ka filin folo na Katsina ko Kaduna ko Kano, ba za ka ga an bar ɗan wasa ya shiga gasa ba hula ɗaure a haɓarsa ba. 'Ya'yan sarakuna da attajirai da hafsoshin soja suna sa ta ba wanda ya ce musu matsorata. Sai ɗan talaka da ya yi hayar doki don kilisa ko hawan angwanci, dokin da bai san halinsa ba, a kan kwalta mai santsi, tsakanin motoci, shi ne zai ce hula ta yi masa ƙasƙanci? Abin da ya fi ciwo shi ne yaran da ake ɗorawa a sukuwa saboda rashin nauyinsu. Yaron bai mallaki dokin ba, ba shi zai ɗauki kyautar ba, amma kansa ne a kan layi. Mai dokin da ke iya sayen dusa da harawa da kanwa kullum, ya biya mai kula da barga, ya yi wa doki ado na alfarma, amma ya kasa saya wa yaron hula, ya shirya amsar da zai bayar gaban Allah, domin kowannenmu makiyayi ne abin tambaya kan abin da aka ba shi kiwo.

Na san mu mutane ne masu wayon kauce wa doka. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano a ranar 1 ga Janairun 2009, har kafafen labaran duniya sai da suka ɗauki labarin 'yan acaɓa da suka kifa ƙwarya da robar fenti a ka. Wasu fasinjoji suka ce ana sa asiri a cikin hular. Aka yi dariya, aka wuce. Amma ƙwarya jami'in hanya kawai take iya ruɗa, kwalta ba ta ruɗuwa. Musulmi kuwa ba don tsoron tara yake tsare amana ba.

Iyakar abin da hula ke yi

Adalci ya sa in faɗi abin da masu suka ke da gaskiya a kansa. Hula ba ta hana mutuwa, ba ta kuma hana kowane rauni. Michael Schumacher, zakaran tseren motoci na duniya sau bakwai, yana sanye da ita lokacin da ya faɗi a wasan zamiyar ƙanƙara a Faransa a watan Disamban 2013, amma ya sami mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, ko da yake likitocinsa sun ce ba don ita ba da bai iso asibiti da rai ba. Phillip Hughes ɗan kurket na Ostireliya yana sanye da ita a watan Nuwamban 2014, ƙwallo ta same shi a wuya, ƙasa da inda hular ta rufe, ya mutu. Haka nan ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙo, shi ya sa wasan da manufarsa ita ce dukan kai, kamar dambe, hula ba ta mayar da shi lafiyayye. Duk wannan gaskiya ne, kamar yadda kwalkwalin Uhudu bai hana jini zuba ba. Sababi ba ya zama banza don bai zama garanti ba. Garanti na Allah ne Shi kaɗai.

Kuma hula ba lasisin hauka ba ce. Wanda ya sa ta ya shiga kasuwa da doki a guje, ko ya yi wasan babur a gaban makarantar yara, ya tsare kansa ya bar kawunan bayin Allah a fili. Manzon da ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu, ya hana wasan harbi da tsakuwa saboda tana karya haƙori tana tsiyaye ido, ya hana kwana a kan soron da ba shi da katanga, ba zai yarda da wannan ba. Shi ne kuma ya shirya tseren dawaki a Madina, ya ware wa horarrun dawaki zango mai nisa, waɗanda ba a horar ba ya ba su gajere. Musulunci bai hana wasa ba, tsari ya sa masa.

Zafi gaskiya ne, amma zufar awa ɗaya ta fi jinyar shekara goma sauƙi. Tsada gaskiya ce, amma wanda ya iya sayen babur ko ya biya hayar doki da makaɗa bai rasa kuɗin hula ba. Mai ƙyanƙyamin hular haya ya sa hular saƙa ko ƙyalle a ƙarƙashi, ko ya sayi tasa. 'Yar'uwa mai hijabi tana iya ɗora ta a kan hijabinta ba tare da ta rasa komai ba.

Abin da nake kira gare shi

Ya kai ɗan'uwa mai hawa, sayi hula ta gaske, mai soson nan mai tauri a ciki, daidai kanka, ba mai rawa ba. Hular magina ba ta wannan aiki ba ce, an yi ta ne don abin da ke faɗowa daga sama. Ka ɗaure igiyarta a haɓa, domin hular da ba a ɗaure ba takan riga mai ita isa ƙasa. In ta taɓa shan bugu mai ƙarfi, ka sauya ta ko da ba ka ga tsaga ba, don soson ya riga ya yi aikinsa, ba ya komawa. In abokinka ya faɗi ya bugu a ka, kada ku bar shi ya sake hawa a ranar, kada ku fizge shi ku lanƙwasa masa wuya. In ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko ya yi amai, ko ya rikice, ko barci ya rinjaye shi, ku kai shi asibiti nan take, ko da yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau.

Iyaye, ranar da kuka saya wa yaro keke ku haɗa masa da hularsa. Masu shirya sukuwa da masu ba da hayar dawaki, ku sa doka: ba hula, ba hawa. Iyayenmu sarakuna da hakimai, kalma ɗaya daga bakinku ta fi takardar hukuma dubu tasiri a wurin mahaya. Malamanmu masu mumbari, ku ba wannan mas'ala huɗuba guda kafin Salla, domin da sunan addini ake kare gangancin, daga bakinku ya kamata a ji cewa addini ya barranta daga gare shi. Ku kuma da ake kallo a unguwa, gwanayen hawa da yara ke kwaikwayo, ku fara sa ta. Ranar da gwani ya sa, ranar za ta daina zama abin dariya.

Ka ɗaure hularka, ka karanta addu'ar hawa, sannan ka dogara ga Allah da zuciyarka gaba ɗaya. In wani ya ce maka matsoraci, ka tambaye shi abin da ke kan Manzon Allah ranar da ya shiga Makka.

Allah Ya tsare mana rayukanmu da hankulanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu cika da imani. Wallahu a'alam.